Yadda Za Ka Shayar da Garken Surukinka da Ruwan Saniya Ɗaya

Kai mai karatu, gyara zama. Ni ne Malam Zarami, mai shagon buga takardu da ke bayan tashar mota a Azare, wanda janaretansa ba ya mutuwa sai in mai ya ƙare. Yau zan koya maka yadda za ka sa kwamfuta ta faɗa wa surukinka abin da ranka ke so, ba tare da ka rubuta ƙarya ko guda da hannunka ba. Tabbas ne, ba ko shakka! An gwada dabarar a kan teburin shagona a shekarar 2006, kuma wanda ya gwada yana nan da ransa. Sunansa Bahauddeen, malamin kwamfuta a wata kwaleji a nan garin. Ka bi sawunsa taki bayan taki, inda ya zame kai ma ka zame.

Mataki na 1: Ka samu dalilin da ba ya faɗuwa a gaban manya

Bahauddeen ya auri Hadijatu, 'yar Alhaji Bappayo, Bafillacen da rugarsa ke kan hanyar Gololo. Ta haifi ɗan fari, Uzairu, ta tafi wankan gida. To ka san wankan gidan mutanen nan ba irin namu na cikin gari ba ne, sai yaro ya kai yaye ake zancen komawa. Bahauddeen ya haƙura, tunda babur ɗinsa na kai shi ya leƙa su.

Sai kaka ta wuce, aka fara zancen rani. Alhaji ya ce in rijiyar ruga ba za ta riƙe shanu har faɗuwar damina ba, to kudu za a yi. In shanu suka tashi kuwa gida ya tashi, don mata nono suke bi. Hadijatu za ta tafi, yaro zai tafi, kuma Bahauddeen ba zai sake ganinsu ba sai ruwa ya sauka. Ranar da ya ji haka ya zo shagona ya zauna, ya ƙi shayi, ya ƙi ƙosai.

"Malam Zarami, yaron nan zai yi haƙori ban gani ba," in ji shi. "Zai dawo yana rarrafe, ya kalle ni kamar mai karɓar haraji."

Kada ka kuskura ka faɗi wannan a gaban suruki. Namiji ba ya cewa yana kewar matarsa. Cewa za ka yi kimiyya ce ta dame ka.

Mataki na 2: Ka jera samfura, wani cikin wani

Bahauddeen ya taɓa zuwa wani kwas, ya dawo da faifai mai ɗauke da wani yaren kwamfuta na kwaikwayo. Aikin yaren shi ne ka gina abu a cikin na'ura, ka ce masa ya yi tafiyar wata shida, ya yi ta kafin ka gama hamma. Abin da ka gina ana ce masa samfuri. Ya aika wa surukinsa cewa akwatinsa zai iya faɗin ranar da rijiya za ta ƙafe. Alhaji ya ce to, a tambaye shi, ai tambaya ba ta ɓaci.

Ga yadda ake ginin, ka buɗe kunne. Samfuri babba a waje, ka sa masa suna Ruga. A cikinsa ka sa wani, Garke. A cikin Garke ka sa ɗan ƙarami, Mashaya, wanda shi ne yake ɗibar ruwa daga rijiya yana ragewa kullum. Kamar dai kwanukan jeren amarya, ƙarami cikin babba, babba cikin uwarsu.

Hikima: duk abin da ya fi hawa biyu, ba mai bin ka ciki ya duba. Shi ya sa nake son aikin nan.

Mataki na 3: Ka ɗaure ƙunshi, ka tafi neman lamba

Samfuran nan ba su san komai ba sai abin da aka miƙa musu. Saboda haka za ka tara bayananka wuri guda ka ɗaure, masana su ce rekod, ni in ce ƙunshi. Kowane gurbi a cikin ƙunshin yana da irin abin da yake karɓa, kuma ba ya karɓar lallashi. Zurfin rijiya, lamba mai ɗigo. Ruwan da saniya ke sha, lamba mai ɗigo. Akwai maruƙa ko babu, e ko a'a. Yawan shanu kuwa lamba cikakkiya, don ba a yin saniya da rabi.

Zurfin rijiya bai ba shi wahala ba, igiya ya zura. Yawan shanu ne ya tsaya masa a wuya. Suruki ba ya tare surukinsa da magana, balle tambaya. Sai ya tambayi Hadijatu, Hadijatu ta tambayi Inna Saudatu mahaifiyarta, Inna ta jira Alhaji ya gama cin tuwo ta tambaye shi. Amsa ta biyo hanyar da tambaya ta bi ta dawo.

"Malam, Baffa ya ce a gaya maka, alhamdulillahi," in ji Hadijatu.

"Na'am, alhamdulillahi. Nawa ne?"

"Ai shi ke nan amsar. Wa ka taɓa ji ya faɗi yawan shanunsa? So kake kambun baka ya kama su?"

Bawan Allah ya dawo shagona, ya buɗe gurbin yawan shanu, ya rubuta Alhamdulillahi, wai ko za a dace. Kai! Na'ura ta yi ja wur, ta jero masa faɗa layi-layi, ta ce ita lamba cikakkiya aka ce za a ba ta, wannan ba irinta ba ce. Na yi dariya har na ƙware da shayi. Na ce masa na'urar nan ba ta da tarbiyya, amma tana da gaskiya.

Mataki na 4: Ka ƙirga da wutsiyar ido

Tunda ba za a faɗa maka ba, sata za ka yi. Ka je ruga da la'asar lokacin da shanu ke dawowa, ka tsaya kusa da rijiya, ka ce babur ya lalace. Ka durƙusa, ka kwance fulogi, ka hura, ka mayar, ka sake kwancewa. Bakinka na motsi kamar mai istigfari, idonka na bin ƙahoni.

Haka Bahauddeen ya yi. Sau da yawa lissafi ya ɓace masa, don shanu ba sa bin layi, kuma fararen duk kamarsu ɗaya a idon ɗan birni. Amma ya samu lamba. Nawa ce? Ba zan faɗa ba. Ni ma ina da 'yan tumaki a gida, ba na son a rama.

Mataki na 5: Ka miƙa ƙunshi, ka manta da shi a ƙofar ƙarshe

Nan ne zuciyar darasin, wanda ya yi gyangyaɗi a nan ya yi asara. Ƙunshi ba ya tafiya da ƙafarsa. Ka ba Ruga, sai ka rubuta cewa Ruga ta miƙa wa Garke. Sannan ka sake rubutawa cewa Garke ya miƙa wa Mashaya. Kowace ƙofa da miƙawarta, hannu da hannu.

In ka manta ƙofa ɗaya fa? To ai nan daɗin yake! Na'urar da ta yi maka ihu a kan Alhamdulillahi, a nan ko tari ba za ta yi ba. Domin kowane samfuri yana da ɗan ƙunshinsa na riƙon ƙwarya, wanda ka sa masa tun ranar da kake gwaji. In ba a kawo masa na gaske ba, sai ya buɗe nasa ya ci gaba da aiki, fuska a sake. Ƙunshin riƙon ƙwaryar da Bahauddeen ya bari a Mashaya, saniya ɗaya ce tak a ciki.

Ya miƙa daga Ruga zuwa Garke. Ana cikin haka NEPA ta ɗauke wuta, na fita tayar da janareta, ya biyo ni yana ba ni shawarar da ban tambaya ba. Da muka dawo ya manta ƙofa ta ƙarshe. Ya danna, na'ura ta zana layin ruwan rijiya daga kaka har damina. Layi ya miƙe samɓal, ko sunkuyawa bai yi ba.

"Allahu akbar! Malam Zarami, zo ka gani! Ruwa ya isa! Har da ragi!"

Ya rungume ni, ya rungume wani mutum da ya zo buga takardar neman aiki, ya aika a sayo tsire. Muna cikin cin tsiren ya leƙa cikin Mashaya don ya ƙara jin daɗi. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya daɗe yana kallon lamba ɗaya da ke zaune a gurbin yawan shanu, sannan ya kalle ni.

"Na'urar ta ce akwai kuskure?" na tambaye shi.

"Ba ta ce ba."

"To kai ka fi ta sani ne?"

Ya rufe murfin a hankali, ya ɗauki wata tsokar. Ka koya daga nan: in ka haɗu da kuskurenka a hanya, ka gaishe shi ka wuce.

Mataki na 6: Ka aika albishir ta hanyar da ta dace

Kada ka kai da kanka, rashin kunya ne. Bahauddeen ya gaya wa Hadijatu cewa akwati ya ce ruwa zai isa. Hadijatu ta yi murna har ta manta kunyar ɗan fari, ta ɗaga yaron sama a gaban mutane. Ta gaya wa Inna cewa akwati ya ce ruwa zai isa har ya yi yawa. Inna Saudatu, wadda gwiwoyinta suka daɗe da gajiya da hanyar kudu, ta gaya wa Alhaji cewa akwati ya rantse rijiyar nan ko raƙuma aka kawo ba za ta ƙafe ba.

Abin nema ya samu! Alhaji ya ce ba inda za a je bana. Bahauddeen ya yi mako yana tafiya kamar an ba shi sarauta, yana gaida mutanen da bai sani ba.

Sai dai Alhaji Bappayo mutum ne mai zumunci, kuma ba ya cin alheri shi kaɗai. Ya aika wa ƙanensa Babayo a Sakwa cewa ya taho da nasa garken, Allah ya buɗe musu teku a bayan gida. Ya aika wa wani ɗan'uwansu a Giade shi ma.

Da labari ya iso shagona, Bahauddeen ya nemi kujera bai same ta ba, ya zauna a kan kwalin takardu. Ya buɗe na'ura, ya rubuta ɗan layin nan guda da ya rage, Garke ya miƙa wa Mashaya ƙunshi na gaske. Layin da ya miƙe a wancan karon ya sunkuya, ya gangara, ya dungura ƙasa tun zafi bai kankama ba. Kuma wannan da shanun Alhaji kaɗai ne, ba a sa na Sakwa ba. In rijiya ta ƙafe a tsakiyar bazara, hanyar kudu ta riga ta bushe, babu ciyawa babu tafki, maruƙa za su fara zubewa tun ba a yi nisa ba.

Mataki na 7: Ka aika gyara, ka ga yadda yake ramewa a hanya

Albishir ƙiba yake yi a hanya, mugun labari kuwa rama. Wannan ba a littafin kwas ɗin Bahauddeen yake ba, ni na ƙara.

Ya hau babur, ya samu Hadijatu a bayan ɗaki tana shanya. Ya ce mata, "Dije, ki gaya wa Inna akwai kuskure. Ruwa ba zai isa ba. Rijiya za ta ƙafe."

Ta tsaya da zane a hannu. "Malam, ka san abin da kake faɗa? Tafiya fa ke nan."

"Na sani."

Idonta ya cika, ta shiga wurin Inna. Ba ta yi ƙarya ba, Allah ya gani, amma bakinta ya ƙi ɗaukar nauyin. Ta ce Malam ya ce a riƙa tattalin ruwa. Inna ta dubi gwiwoyinta, ta dubi jikanta, ta je ta gaya wa Alhaji cewa mijin Hadijatu yana gaisuwa, ya ce a yi masa addu'a. Alhaji ya ce Allah ya yi masa albarka, yaron kirki.

Ka ga irinta? Ƙunshi ya taso da ƙafewar rijiya, ya isa ɗakin ƙarshe da gaisuwa. Babu kuma wanda ya yi ja wur.

Mataki na 8: Ka ajiye kunya tare da takalmanka

Wannan matakin ba na ba da shawararsa, amma tunda ya faru dole in rubuta. Bahauddeen ya koma ruga da hantsi, ya tarar garken Sakwa ya fara isowa, ana ta sannu da zuwa. Alhaji da Babayo suna zaune a kan buzu ƙarƙashin tsamiya, maza sun kewaye su. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, na'ura a hammata. Alhaji ya kawar da kai gefe yadda aka saba, ya ce, "Babayo, tambayi baƙon nan ko lafiya."

"Baffa, da bakina zan faɗa, kuma kai zan faɗa wa," in ji Bahauddeen.

Wani dattijo ya ce subhanallahi. Daga bayan zana aka ji Inna ta saki ƙwarya.

"Ruwa ba zai isa ba, Baffa. Akwatin saniya ɗaya ya shayar."

Alhaji ya juyo ya kalle shi ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun ranar ɗaurin aure. "Ɗaya?"

"Ɗaya."

"Sauran fa?"

"Suna ƙofa, ba a miƙa su ciki ba."

"Tsaya tukun," in ji Babayo. "Sauran nawa? Kai ɗan nan, ƙirga mana shanu ka yi? Ashe ranar da aka ce babur ɗinka ya lalace, lafiyarsa ƙalau!"

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Bahauddeen ya sunkuyar da kai, gumi na ɗiga a kan murfin na'ura. Alhaji ya ɗaga wa ƙanensa hannu, ya tambaya a hankali, "Ka san da haka lokacin da ka aiko da albishir?"

"Na sani."

"To me ya sa?"

Daidai nan Uzairu ya tsala kuka daga cikin ɗaki, kuma kan Bahauddeen ya juya da kansa kafin ya tuna inda yake. Kowa ya gani. Kunya ta kama shi kamar ƙasa ta tsage, amma tsoron tafiyar yaron ya fi kunyar zafi, hawaye suka zubo masa a gaban maza. Alhaji ya daɗe yana shafa gemu.

Mataki na 9: Ka sayi guga mai kyau

"To, ni ban ga laifin akwati ba," in ji Alhaji daga ƙarshe. "An tambaye shi saniya ɗaya, ya ce ruwa zai isa. Gaskiya ya faɗa. Babayo, jibi za mu yi kudu, tun ciyawa na nan. Saniya ɗaya za ta zauna."

Ya ci gaba yana kallon tsamiya, kamar da ita yake. Saniya ba ta zama babu mai tatsa, don haka Saudatu za ta zauna, dama gwiwa ta hana ta. Tsohuwa ba ta zama ita kaɗai, sai a bar mata 'yarta da abin da ke bayanta. Maza kuwa duk za su bi shanu.

"Wa zai ja wa saniyar ruwa?" in ji Babayo.

"Wanda ya san zurfin rijiyar."

Jama'a, Bahauddeen sai da aka riƙe shi, da ya faɗi don murna! Ya yi godiya da Hausa, ya yi da ɗan Fillancin da ya iya, ya tashi ya manta takalmi.

Tun daga ranar, kullum in ya tashi daga aji sai ya hau babur ya nufi hanyar Gololo. Rijiyar nan kuwa da ya auna da igiya yana taƙama, ashe aunawa daban ja daban. Hannun da bai san komai ba sai madannai ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta. Saniyar da Alhaji ya zaɓa da kansa kuma ba ta taɓa jin labarin lambar da aka rubuta mata ba, sha take yi kamar an aiko ta. Sai da aka yi nisa Inna ta ce masa ai saniyar ciki gare ta. Ana tsakiyar bazara ta haihu, suka zama biyu.

Ya zo shagona da yatsu a naɗe da tsumma, ya roƙe ni in buga masa tambayoyin jarrabawar ɗalibansa, don ba ya iya dannawa. Na ce masa, "Malam, ka ci riba ko ka faɗi?"

Bai ma ji ni ba. Ya miƙo mini ɗan yatsansa guda da bai naɗe ba, baki har kunne, yana nuna mini wasu 'yan ramuka biyu a fatar.

"Ka gani? Jiya yaron ya cije ni. Guda biyu ne, na ƙasa."

Gargaɗi

Ni Malam Zarami, buga takarda na sani da tayar da janareta. Ban taɓa mallakar saniya ba, ban taɓa ƙirga ta wani ba, kuma ranar da aka manta ƙofar nan ina waje ina jan igiya, shaidu na nan. Duk wanda ya bi matakan nan rijiya ta ƙafe masa, ko suruki ya sallame shi, ko hannunsa ya sale, to kada ya tako shagona sai in aiki ya kawo. Surukin Bahauddeen mutum ne mai tausayi, shi ya sa ya bar masa saniya. Naka ban san shi ba. In raƙumi ya bar maka, babu ruwana.